Sanayya da amana a kamfanonin gwamnatin Sin: yadda alaƙa ke juya shawarar ma'aikaci

Duk mai bin labaran ƙasar Sin tun daga ƙarshen 2012 ya saba jin an tsare shugaban wani babban kamfanin gwamnati, an kore shi daga Jam'iyyar Kwaminis, an gurfanar da shi a kotu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda takardun tuhumar ke kama da juna, domin bayan adadin kuɗin da aka ce mutum ya karɓa, sau da yawa sai an ƙara da cewa ya cusa danginsa a aiki, ko ya ba kamfanin wani makusancinsa kwangila, ko ya ɗaga yaransa zuwa muƙaman da ba su kai ba. Lai Xiaomin, tsohon shugaban Huarong, kamfanin da gwamnati ta kafa a 1999 don ya kwashe basussukan banki da suka gagara biya, an yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2021 kan cin hancin yuan biliyan 1.788, kuma an zartar da hukuncin kafin watan ya ƙare. Masu bincike sun ce ya cika kamfanin da mutanen yankinsu na lardin Jiangxi, tun daga manajoji har zuwa masu dafa abinci a ɗakin cin abincin ma'aikata.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: idan hukunci ya kai haka tsanani, me ya sa abin bai gushe ba? Amsar tana wajen ƙananan ma'aikata da matsakaita, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin miliyan ɗaya ta cin hanci ba, amma suke tsayawa kullum tsakanin haƙƙi biyu da al'ummarsu ke ɗauka duka wajibi ne: haƙƙin kamfani da haƙƙin wanda ya taɓa yi musu rana.

Kalmomi uku da ake bukatar a sani

Ta farko ita ce guanxi, wadda ma'anarta ta zahiri alaƙa ce, amma a bakin mutane tana nufin sanayyar da ake iya jingina da ita idan bukata ta taso. Tushenta yakan zama dangantaka ta jini, ko gari ɗaya, ko makaranta ɗaya, ko aikin soja tare, ko zaman ubangida da yaronsa a wurin aiki. Ta biyu ita ce renqing, bashin alheri da ke hawa kan mutum idan an yi masa wani abu. Mai karatu Bahaushe zai gane ta idan ya tuna da biki, inda ake rubuta abin da kowa ya kawo domin a mayar masa da ƙari ran da nasa ya zo. Iyalai da yawa a Sin su ma suna ajiye littafin da ake rubuta abin da ke cikin kowane ambulan kuɗi da aka kawo a aure ko jana'iza. Bambancin wannan bashi da na kasuwa shi ne ba a son a biya shi daidai wa daida nan take, saboda yin haka tamkar cewa ne an yanke hulɗa. Ta uku ita ce mianzi, wato fuska, wadda ta haɗa abin da Hausa ke kira mutunci da kuma kara: wanda ya roƙi abu aka hana shi a gaban jama'a ya zubar da fuska, wanda ya hana ɗin kuma ya jawo wa kansa sunan marar kara.

Masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya kwatanta tsarin a shekarun 1940 da dutsen da aka jefa a ruwa: mutum yana tsakiya, da'irori suna faɗaɗa daga gare shi, nauyin da ke kansa yana raguwa gwargwadon nisan da'ira. A irin wannan tunani, abin da ya dace a yi ya danganta da wanda ke gabanka. Akwai wata tsohuwar muhawara a koyarwar Confucius, babban malamin hikima na Sin ta dā, da ke nuna zurfin abin. Wani basarake ya yi alfahari da cewa a ƙasarsa akwai mai gaskiyar da ya ba da shaida a kan mahaifinsa da ya saci tunkiya, sai Confucius ya amsa cewa a wajensu uba yana rufa wa ɗa asiri, ɗa yana rufa wa uba, kuma gaskiya tana cikin hakan. Ko dokar shari'ar laifuka da aka gyara a 2012 ta bar wa wannan tunani gurbi, domin ba a tilasta wa mata ko miji ko iyaye ko 'ya'yan wanda ake tuhuma su bayyana a kotu don ba da shaida.

Sai dai al'adar tana da wata fuskar. Sinawa har yau suna girmama Bao Zheng, alƙalin zamanin daular Song da ya rasu a 1062, wanda labaran gargajiya suka mayar da shi alamar adalcin da bai san ɗan uwa ba. Saboda haka ma'aikacin da ya ƙi yin alfarma yana da abin da zai kafa hujja da shi daga cikin gida.

Inda abin ya samo ƙarfi

Al'ada kaɗai ba ta isa ta bayyana halin kamfanonin gwamnati ba, sai an haɗa da tarihinsu. Daga shekarun 1950 har zuwa zamanin sauye-sauyen tattalin arziki, ma'aikacin birni ya rayu ne a cikin abin da ake kira danwei, wato ma'aikatar da ke ba shi albashi da gida da asibiti da makarantar yara da takardun rabon abinci, har da izinin aure. Ba a korar mutum, shi ma ba ya iya tashi ya koma wani wuri da ra'ayin kansa, shi ya sa ake kiran aikin kwanon shinkafa na ƙarfe. Da yake komai yana ƙaranci, kuma rabonsa yana hannun shugabannin ma'aikata, wanda ke son ɗaki mai faɗi ko keke ko a mayar da matarsa garin da yake aiki dole ya san wani. Daga nan kalmar "shiga ta ƙofar baya" ta zama ruwan dare. Har zuwa 1986 akwai tsarin da ya halatta wa ɗa ya gaji gurbin mahaifinsa idan ya yi ritaya, kuma wannan ne ya sa a garuruwan mai da na ƙarfe da na jirgin ƙasa ake samun iyali guda sun yi zuriya uku a kamfani ɗaya.

Sauye-sauyen da jagoran ƙasar na lokacin, Deng Xiaoping, ya fara a 1978 sun canza abin da sanayya ke sayowa. A shekarun 1980 kaya ɗaya yana da farashi biyu, na gwamnati mai rahusa da na kasuwa mai tsada, don haka duk wanda ke da hanyar samun ƙarfe ko gawayi a farashin gwamnati ya sayar a kasuwa ya yi arziki ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Fushin jama'a kan wannan yana cikin abubuwan da suka fito da masu zanga-zangar dandalin Tiananmen ta 1989. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin Firaminista Zhu Rongji, gwamnati ta riƙe manyan kamfanoni ta saki ƙanana, miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki, kuma a wurare da dama masana'antun da aka sayar sun faɗa hannun manajojinsu da makusantansu a farashi mai sauƙi. A 2003 aka kafa hukumar SASAC don ta riƙe manyan kamfanonin tsakiya a madadin gwamnati. Ta fara da 196, yanzu haɗe-haɗe sun mayar da su kusan ɗari, ban da bankuna da dubban kamfanonin larduna da birane.

Wanda ke riƙe da makomar ma'aikaci

A yau ma'aikaci ba ya bukatar sanayya don ya sayi keke. Abin da yake bukatarta a kai shi ne ƙarin girma, kuma a nan ne tsarin kamfanonin ke da tasiri. Shugabannin manyan kamfanonin tsakiya jami'an jam'iyya ne, sashen tsare-tsaren jam'iyya ne ke naɗa mafi girmansu, kuma yana iya sauya musu wuri yadda ya ga dama, kamar yadda aka yi musayar shugabannin manyan kamfanonin sadarwa a 2004. A cikin kamfani kuma, shugaban hukumar gudanarwa yawanci shi ne sakataren jam'iyya, kuma tun bayan taron da Xi Jinping ya jagoranta a Oktoban 2016 an shigar da matsayin kwamitin jam'iyya cikin kundin dokokin kamfanonin. A ƙa'ida, manyan shawarwari da naɗe-naɗe da manyan ayyuka da kashe kuɗi masu yawa sai an zauna a kansu a kwamiti. A aikace, idan kowane ɗan kwamiti ya san cewa rahoton shugaba ne zai yanke makomarsa, zaman yakan zama na amincewa da abin da aka riga aka gama.

Harkar mai ta nuna iyakar inda wannan ke kaiwa. Zhou Yongkang ya shugabanci CNPC, babban kamfanin mai na gwamnati, a ƙarshen shekarun 1990 kafin ya hau har zaunannen kwamitin ƙoli na jam'iyya. Jiang Jiemin, wanda ya taso a filin mai na Shengli inda Zhou ya taɓa shugabanci, ya zama shugaban CNPC, sannan a Maris 2013 aka ba shi ita kanta hukumar SASAC, kafin a tsige shi bayan wata shida. A 2015 kotu ta ɗaure Zhou rai da rai, ta ba Jiang shekara 16. Cikin abin da kotu ta tabbatar akwai cewa Zhou ya umarci Jiang da wani jami'in su taimaka wa kasuwancin ɗansa da ɗan'uwansa da wasu makusanta, waɗanda suka samu haramtacciyar riba ta sama da yuan biliyan 2. Kowane mataki na irin wannan umarni yana bi ta hannun injiniyoyi da akantoci da lauyoyin kamfani waɗanda suka sa hannu.

Yadda shawarar ke kasancewa a teburin aiki

Mu ƙaddara wani jami'in sayayya a kamfanin lantarki na wani lardi. Mutumin da ya koya masa aiki shekara ashirin da suka wuce, wanda har yanzu yake kira shifu, wato malam, shi ne ya yi masa magana aka ba shi muƙamin, shi ne kuma ya nemo likita lokacin da mahaifinsa ke kwance. Yanzu malamin ya yi ritaya, surukinsa yana da kamfanin sayar da wayoyin lantarki. Ana gab da tallata kwangila sai a gayyaci jami'in cin abincin dare, a zaunar da shi kusa da malamin, surukin ya tashi ya zuba masa abin sha da hannu biyu, a yi hirar yara da lafiyar tsofaffi, a watse ba wanda ya ambaci kwangila. Kowa a teburin ya fahimci abin da aka faɗa.

Jami'in ba sai ya karya doka a fili ba. Yana iya rubuta sharuɗɗan kwangilar ta yadda kamfani ɗaya ne zai cika su, ko ya bari a san iyakar farashin da ake so. Da yake dokar bayar da kwangila ta ce idan masu nema ba su kai uku ba sai an sake tallatawa, surukin yana iya kawo kamfanoni biyu na abokansa su shiga don rakiya kawai, al'adar da ke da suna nata a Sinanci. A ransa jami'in yana da hujjoji: bai karɓi ko yuan ɗaya ba, kayan surukin ba su fi na kowa muni ba, kuma idan matsala ta taso ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, alhali baƙon kamfani yana iya ɓacewa ya bar shi da shari'a. A ɗaya gefen kuma, idan ya ƙi, asarar a bayyane take kuma tana da fuska: malamin zai ji kunya a gaban surukinsa, tsofaffin abokan aiki za su ce wane ya zama butulu. Wanda aka zalunta, wato kamfanin da ya fi cancanta da mai biyan kuɗin wuta, ba ya teburin, ba a san sunansa ba, yana can a da'irar ƙarshe.

Hujjar amana ba ƙarya ce zalla ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Inda shari'ar kasuwanci ke ɗaukar lokaci, sanayya takan hana ha'inci, domin wanda ya kawo jabun kaya ya zubar da fuskar wanda ya tsaya masa. Matsalar ita ce wannan amana ta mutum biyu ce, alhali kuɗin na jama'a ne.

Tasiri na biyu, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne shiru. Hukumar ladabtarwa ta jam'iyya tana da lambar waya 12388 don kai ƙorafi, amma akawun da ya ga an kumbura rasit yana lissafin cewa wanda ya sa hannu ɗan ajinsu ne, ko kuma yaron mataimakin shugaba ne, kuma shi kansa zai ci gaba da zama a ofishin nan har ritaya. Idan an kai ƙorafi ma, ba kullum kishin gaskiya ke kawo shi ba, wani lokaci rikicin ɓangarori ne kan muƙami.

Inda doka ta ja layi

Dokar laifuka ta Sin tana ɗaukar ma'aikacin kamfanin gwamnati mai riƙe da amanar dukiya a matsayin jami'in gwamnati, don haka hukuncin cin hancinsa ya fi na ma'aikacin kamfani mai zaman kansa nauyi. Sashe na 166 ya haramta masa miƙa wa dangi ko abokai kasuwancin kamfani mai riba, ko sayen kayansu a farashin da ya zarce na kasuwa a fili. Gyaran 2009 ya sa ana iya hukunta makusancin jami'i ko tsohon jami'i idan ya sayar da tasirinsa. Fassarar da kotun ƙoli da ofishin babban mai gabatar da ƙara suka fitar a 2016 ta sa yuan 30,000 a matsayin mizanin da laifin ke farawa a yawancin lokuta, ta kuma rufe wata tsohuwar kafa: kyautar da ta haura wannan adadi daga na ƙasa da kai tana iya zama cin hanci ko da ba a roƙi komai ba a lokacin, muddin tana iya shafar aikinka. A 2018 aka kafa Hukumar Sa Ido ta Ƙasa, wadda ikonta ya haɗa da manajojin kamfanonin gwamnati ko da ba 'yan jam'iyya ba ne. Gyaran da ya fara aiki a Maris 2024 kuma ya ƙara wa masu bayar da cin hanci hukunci.

Ƙa'idoji takwas da jam'iyya ta fitar wa jami'anta a Disamban 2012 sun taɓa liyafa da kyaututtuka kai tsaye, har farashin giyar Maotai, wadda ita ce sarauniyar teburin manya, ya faɗi sosai a shekaru biyun da suka biyo baya. Amma liyafar ta koma gidaje da ɗakunan cin abinci na cikin kamfani. Gidan talabijin na gwamnati ya taɓa nuna shugaban wani kamfanin magunguna na gwamnati a Tianjin da ke sa a juye Maotai a gorar ruwan sha kafin a kawo teburi.

Saɓanin masana da na hukuma

Masu ganin abin al'ada ce suna cewa ba za a kawar da shi da doka ba, sai dai a rage kaifinsa. Masu ganin tsari ne ya haife shi suna nuni da Tarayyar Sobiyat, inda ƙarancin kaya ya haifar da irin wannan sanayya ba tare da Confucius ba, da kuma Hong Kong, wadda al'adarta ta Sinawa ce amma ta rage cin hanci ƙwarai bayan kafa hukuma mai cin gashin kanta a 1974. A ƙarshen shekarun 1990 masanin zamantakewa Doug Guthrie, bayan tattaunawa da manajoji a Shanghai, ya ce gasar kasuwa da dokoki suna rage wa guanxi muhimmanci. Wata masaniya, Mayfair Yang, ta mayar masa da cewa abin ya sauya wuri ne kawai, ya bar neman kayan masarufi ya koma neman fili da lamuni da lasisi. Shari'o'in da suka biyo baya sun fi ƙarfafa maganarta a ɓangaren gwamnati, duk da cewa tasa ta fi kusa da gaskiya a ƙananan ma'amaloli na yau da kullum.

Ita jam'iyya tana ganin raunin ladabtarwa ne tushen matsalar, don haka maganinta shi ne ƙarin iko ga kwamitocin jam'iyya da tawagogin bincike da yawan sauya wa shugabanni wurin aiki. Masu suka suna cewa wannan yana ƙara tara iko a hannun mutum ɗaya, wanda shi ne ya sa biyayya ga ubangida ta zama jari tun farko, kuma idan babu kotu da jarida masu 'yanci, da wuya a bambance yaƙi da rashawa da kawar da abokan hamayya. Masu kare manufar suna amsawa da yawan waɗanda aka hukunta, ciki har da mutanen da aka naɗa a zamanin Xi kansa.

Abin da ke isa ga talaka

Wanda ya fara jin nauyin abin shi ne matashi mai neman aiki. A Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi gurbi a kamfanin lantarki ko na taba ko na mai ya zama abin rububi. Sinawa suna da suna ga tallar aikin da aka ɗinka wa mutum ɗaya: ɗaukar aiki irin na radish, wani kayan lambu mai kama da karas, kowane tushe da raminsa. A Yulin 2022 wani matashin ma'aikacin kamfanin jarin gwamnati a Jiangxi ya tayar da ƙura bayan an yaɗa rubuce-rubucensa na manhajar sada zumunta ta WeChat, inda yake alfahari da danginsa masu muƙami da manyan da ke yi masa alfarma, har hukumomin lardin suka buɗe bincike. Kamfanoni da yawa yanzu suna sa mai neman aiki ya bayyana danginsa da ke ciki, wasu kuma suna hana ɗaukar makusantan shugabanni, ko da yake hakan bai hana manaja biyu na kamfanoni daban-daban su ɗauki 'ya'yan juna ba.

Na biyu shi ne mai biyan haraji. Huarong ya bayyana asarar kusan yuan biliyan 103 ta shekarar 2020, kuma sai da wasu kamfanonin gwamnati ƙarƙashin jagorancin Citic suka zuba masa kuɗi aka ceto shi. Ƙaramin ɗan kasuwa marar hanya kuma yana biya ta wajen kwangilar da bai samu ba da kuɗinsa da ake jan ƙafa wajen biya.

Ga su kansu ma'aikatan, sakamakon ya rabu biyu. Wasu sun samu uzurin da ba su da shi a da, domin yanzu mutum yana iya ce wa kawunsa tawagar bincike tana gari, ya ƙi ba tare da kowa ya zubar da fuska ba. Wasu kuma sun zaɓi kada su sa hannu a kan komai, suna tura kowace takarda sama, abin da hukumomin Beijing da kansu suke kuka da shi.

Lamarin ya shafi Najeriya da Nijar ta hanya ɗaya bayyananniya, domin CCECC da ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da CNPC da ke haƙo mai a Agadem kuma yake da hannun jari a matatar Zinder duka kamfanonin gwamnatin Sin ne. Manajan da aka turo irin waɗannan ayyuka yakan yi 'yan shekaru ne ya koma, kuma hedkwata ce ke yanke ƙarin girmansa, saboda haka alaƙar da ta fi nauyi a lissafinsa tana gida. Tun 2011 dokar Sin ta haramta bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci, kuma a 'yan shekarun nan hukumar ladabtarwa ta sanya ayyukan kamfanonin a ƙetare cikin wuraren da take bincike.